MU JE KAGORO MU GANI DA IDONMU

'Yan'uwana ɗalibai, ga hutu ya ƙarato, kowa ya fara ɗaure kayansa. Kafin mu watse ina da wata 'yar magana. Ra'ayina shi ne, duk wanda ke shirin zama malamin makaranta ya kamata ya ware kwana biyu daga cikin hutunsa, ya je ya ga Dutsen Kagoro da ruwan Matsirga.

Ga dalilina. Cikin littattafan labarin ƙasa muna karanta labarin Suwizalan, da garuruwanta na bakin tafki a gindin duwatsu, inda Turawa ke kashe kuɗi su je shan iska. Mukan haddace sunayensu saboda jarrabawa. Amma in ka tambayi ɗayanmu daga ina ruwan Matsirga ya fito, sai ka ga yana sosa ƙeya. To, gobe in yaro ya ɗaga hannu a aji ya ce, "Malam, yaya ruwa ke fitowa daga dutse?" da me za mu amsa masa? Wanda ya haddace sai ya maimaita littafi. Wanda ya gani kuwa zai kwatanta har yaro ya ji kamar yana wurin. Gani ya kori ji.

Lalle Kagoro ba ta da tafki irin na Suwizalan, amma abin da ke gare ta ba ƙarami ba ne. Garin yana kwance a gindin dutse mai tsawon fiye da mita 1,200 daga bakin teku. Daga maɓuɓɓugan wannan dutse ruwa ke gangarowa, har ya zo Matsirga kusa da Madakiya, ba nisa da Kafanchan, ya faɗo daga tsawon kimanin mita 30. Tun daga nesa kana jin ƙugin ruwan, in ka matso feshinsa ya jiƙa ka. Mai son ganinsa da ƙarfinsa sai ya je da damina. Mai son taro kuwa ya je ran 1 ga Janairu, ranar bikin Afan, watau "dutse" da harshen mutanen garin, ya ga maharba da makaɗa a gaban fadar Sarkin Kagoro.

Malamin tarihi ma ba zai dawo hannu wofi ba. Kafanchan ta girma ne bayan da ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa a 1927. A ƙasar Jaba kuma akwai ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aikin mutanen da suka rayu shekara fiye da 2,000 da suka wuce.

Na san wani zai ce, "Ina kuɗin mota?" Wani kuma ya ce hanya ba lafiya. Duka biyu maganar gaskiya ce. Batun kuɗi, adashi ya ishe mu: kowane aji ya riƙa tara kaɗan kaɗan tun farkon zango, a haɗu a Sabon Tasha, a ɗauki mota guda ta bi ta Kachia da Zonkwa. Batun hanya kuwa, kada kowa ya yi ganganci. A tambayi labarinta tukuna, a tashi da safe, a isa da rana, in an ce ba kyau a ɗage tafiya. Cikinmu akwai 'yan Kagoro da Kafanchan, su ne 'yan jagoranmu. In an isa a fara gai da manyan gari kafin a hau musu dutse, kada kuma wanda bai san zurfin ruwa ba ya ce zai yi iyo.

Ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu na labarin ƙasa su duba wannan shawara. Kowa ya tafi da littafin rubutu da fensir, ya zana abin da ya gani, in mun dawo mu kawo wa Edita ya buga mana a fitowa ta gaba.