Sunan Lazare da ɗalibin da ke son haɗa fanni uku

Kalmar da Faransawa suka bar wa unguwar Lazare ta Yamai ba sunan mutum ba ce. A harshensu tana nufin wurin da ake killace masu cuta mai yaɗuwa, kuma su ma aro suka yi daga Italiyanci, daga birnin Benis inda aka keɓe wani tsibiri don wannan aiki a shekarar 1423. A lokacin farin 1973 zuwa 1974, a wannan fili na bayan gari aka tsugunar da dubban makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, akasarinsu Abzinawa, da dama daga cikinsu daga Mali. Ranar 15 ga Afrilun 1974 soja ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da abincin agaji na cikin dalilan da suka bayar. Wanda duk ya tashi bayanin yadda sansanin gudun yunwa ya zama unguwa mai kasuwa da makarantu, dole ya taɓo ruwan sama, ya taɓo mulki, ya taɓo tarihi, ko ya so ko bai so ba.

Saboda haka ɗalibin da ya fito daga Lazare ya ce yana son karatun da zai haɗa tarihi da ilimin mulki da nazarin muhalli bai cancanci a kira shi mai ruwan ido ba. Tambayar da unguwarsa ta gadar masa ce ba ta zauna cikin tsangaya ɗaya ba. A Jami'ar Abdu Mumuni tarihi da labarin ƙasa suna tsangayar adabi, nazarin doka da siyasa yana wata, aikin gona yana wata dabam. Wannan rabo yana da amfaninsa wajen gudanarwa, amma fari da ambaliya ba su san da shi ba. A watan Satumban 2020 kogin Kwara ya kai kusan mita 7 a Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwannin Harobanda, ɓangaren da jami'ar kanta take. Mai auna ruwa zai faɗi tsayinsa. Amma wa ya raba filaye a kwarin kogi, yaushe, kuma da izinin wa? Amsar tana cikin kundin ajiyar takardu da ofishin magajin gari da bakin dattawa.

Masu adawa da irin wannan haɗi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati takarda mai suna ɗaya take nema, kuma taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Gaskiya ne. Shi ya sa shawarar da ta fi dacewa ita ce ɗalibi ya kafa turke a fanni guda a shekaru ukun lisans, ya riƙa kiwo a sauran biyun. Tarihi ya fi cancantar zama turken, domin shi ke koyar da tantance shaida, wato sanin wanda ya rubuta takarda da abin da ya sa ya rubuta ta. Daga nan sai a nemi darussan dokar ƙasa, musamman ƙa'idojin karkara na 1993 da suka kafa kwamitocin kula da filaye, a kuma koyi karanta taswira da alƙaluman ruwan sama. Yamai ba ta rasa wuraren neman waɗannan: cibiyar AGRHYMET tana nan tun 1974, ga cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH, ga CELHTO mai tattara tarihin baka. A matakin masta ne haɗin zai fito fili, cikin batun bincike guda ɗaya mai iyaka.

Akwai fanni na huɗu da ba a cika lissafawa ba, kuma a nan masu nazarin harshe suke da ta cewa. Talakawa ba su ajiye tarihin yunwa da lambar shekara ba, da suna suka ajiye shi. Yunwar 1913 zuwa 1914 Hausawa sun kira ta Kakalaba, Zabarmawa suka ce Gande Beri. Ta 1931 a Zabarmanci shekarar fāra ce. Ta 1984 kuwa ƴan Nijar suka raɗa mata El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi, hatsi ya daina ƙetarowa. A cikin wannan suna ɗaya tak akwai ƙarancin damina, akwai hukuncin mai mulki, akwai kuma ra'ayin jama'a kan wanda suka ɗora wa laifi. Masanin tarihi Bureima Alfa Gado ya dogara ƙwarai da irin waɗannan sunaye wajen jera yunwoyin Sahel, kuma da wuya wanda ba ya jin harsunan ƙasa ya yi irin aikinsa.

Don haka tsarin karatun da ya tanadi Faransanci da Ingilishi kawai ya gurgunce tun daga tushe. Ɗalibin da zai rubuta kundinsa kan Lazare yana buƙatar Zabarmanci da Hausa don hira da mazauna, da Tamashek ko amintaccen tafinta don jin bakin waɗanda suka sauka a sansanin. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1974 yanzu ya haura 70, kuma rikodar wayar hannu ta isa a fara aikin tun hutun shekarar farko.