Saƙon bogi da gurbin karatu: Inda matatar imel ta jami'o'i ke yoyo

Da zarar an fara girbin masara da auduga a yankin Funtuwa da Malumfashi, kuɗi kan shigo hannun manoma, kuma sau da yawa a daidai lokacin ne jami'o'i ke fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbi. 'Yan damfara sun san wannan lissafi. Saƙo zai faɗo wa ɗalibi ta imel ɗauke da tambarin jami'a, yana taya shi murna, yana kuma umartar sa ya biya kuɗin karɓar gurbi a wani asusu cikin kwana biyu. Uba ya kai buhunan masara kasuwar Dandume, kuɗin kuma su faɗa aljihun ɓarawo.

Domin tare irin wannan saƙo ne ake girka matatar imel, wato manhajar da ke duba adireshin mai aikowa da kalmomin saƙon da shafukan da yake tura mutum, sannan ta ware abin da take zargi. Sai dai tana kuskure ta fuska biyu. In an sassauta ta, saƙon bogi ya wuce. In an tsananta, sanarwar gaskiya ta jami'a ta faɗa akwatin tarkace, ɗalibi bai gani ba har wa'adin rajista ya ƙare.

Maganin farko yana hannun jami'o'in da matasan yankin suka fi nema, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina. Akwai tsare-tsare uku, SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke aiki tamkar hatimi, suna tabbatar da cewa saƙo daga jami'ar ya fito. Tun watan Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka wajabta su ga masu aika saƙonni da yawa. Duk makarantar da ta yi sakaci da su, ta jefa sanarwarta cikin haɗarin ɓacewa. Haka kuma jami'in da ke tura sanarwar hukuma ta adireshinsa na ƙashin kansa, maimakon mai ƙarewa da edu.ng, yana koya wa ɗalibai amincewa da kowane adireshi.

Sauran gyaran yana gida. Ɗalibai da dama na karkara a shagon intanet ake buɗe musu imel ranar rajistar JAMB, kalmar sirrin kuma ta zauna hannun mai shago. Irin wannan akwati ba mallakin ɗalibi ba ne, ga shi kuma ana buƙatar sa wajen neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga masu wannan damfara, amma hukunci ba ya dawo da masarar da aka sayar. Tun 2017 JAMB ke tantance gurbi ta tsarin CAPS, don haka gurbin da bai bayyana a can ba, babu shi. Kuma jami'a ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Wajibi ne makarantun sakandare da limamai da masu unguwanni su isar da waɗannan ƙa'idoji biyu ga iyaye kafin kaka ta kama.