Bayan An Watse Daga Bikin Ba Da Kyauta

Da zarar an buɗe wata gasar marubuta, ko an sanar da tallafin kuɗi ga matasa masu aikin kare muhalli, wayata ba ta hutawa. Wannan ƙanwa ta turo labarinta in duba mata, wancan ɗalibi ya ce in taya shi cike fom da Turanci kafin a rufe. Ina jin daɗin ganin wannan ɗoki, domin matashin da ya kwana yana gyara rubutu ko yana lissafin kuɗin dashe ya kama hanyar kirki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo bayan bikin. An miƙa kyauta, an ɗauki hoto, an ci an sha, kowa ya kama gabansa. Labarin da ya ci gasar fa, wa zai karanta shi? Itacen da aka dasa fa, wa zai yi masa ban ruwa a watan Maris?

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a harkar gasa, domin ƙagaggen labarinmu na boko a cikinta aka haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta labarai da Hausa. Daga nan muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22 yana koyarwa a Katsina, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Tambayi duk wanda ya karanta su ko nawa aka ba Imam, da wuya ka sami mai amsa. Littattafan sun rayu ne saboda an kai su maɗaba'a, an buga, an raba a makarantu, yara suka yi ta karantawa har jikoki. Haka aka yi da gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980. Da a ce an ba ta ambulan an sallame ta, rubutun ya kwanta a durowar wani ofis, da yau ba mu san ta a matsayin uwar mata marubuta ba.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta fahimci wannan. Kuɗin yana da amfani, babu mai musu, amma ƙarfin gasar yana ga karanta labaran a rediyo, inda tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba za ta saurara tana tsintar wake. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ce ta zo ta ɗaya, kuma sunanta ya ƙetara iyaka ta wannan hanyar. Sai dai ƙananan gasanni da yawa da ke tasowa a Facebook da WhatsApp, wasu da sunan wani mai kuɗi ko mai neman kujera, suna tattara ɗaruruwan labarai, su yi biki ɗaya, shi ke nan. Wasu ma a cikin sharuɗɗansu akwai layin da ke ƙwace haƙƙin mallakar duk labarin da aka turo, ko ya ci ko bai ci ba. Wannan zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da sunan taimako.

Ga kuma wani ciwon da ban iya wucewa ba tare da na taɓa shi ba. Babbar kyautar adabi ta Nijeriya, wadda kamfanin gas na NLNG ke bayarwa, dala 100,000 ce, kuma Abubakar Adam Ibrahim ya ɗauko mana ita a 2016. Mun yi alfahari. Amma da Turanci ake shiga. Harshen da miliyoyi ke karantawa daga Kano har Damagaram ba shi da kyauta mai nauyin wannan, alhali attajiranmu na kashe fiye da haka a bikin aure guda.

A ɓangaren muhalli abin ya fi fitowa fili, domin itace ba ya ɓoye mutuwarsa. Wata damina aka zo unguwarmu da motoci da riguna masu tambari, aka dasa dogon yaro a gefen titi, matasa suka yi aiki da zuciya ɗaya. Tallafin da suka samu ya biya kuɗin dashen da na taron, bai biya kuɗin kange ba, bai biya na mai ban ruwa ba. Kafin hunturu ya fita awaki sun cinye rabi, bazara ta ƙarasa sauran. Na tabbata rahoton da aka aika wa masu kuɗin ya ƙirga duk abin da aka dasa. Ban ga laifin yaran ba sosai, tsarin ne ya koya musu cewa ranar dashe ita ce aikin.

Ku dubi abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi. Tun wajen 1983, bayan dashe ya yi ta mutuwa, Tony Rinaudo da manoman yankin suka koma ga kututturen da ke cikin gona, suna barin toho mai ƙarfi, suna sassabe sauran, suna kare shi daga dabbobi. Sassabin zamani suke kiransa. Da wannan haƙuri gawo da sauran itatuwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5. A Burkina Faso, Yacouba Sawadogo ya shafe shekaru yana haƙa ramukan da ake kira "zai" yana zuba taki, mutane na yi masa kallon mai taɓin hankali. Shi da Rinaudo sun karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, bayan fiye da shekara talatin ana reno. Abin da suka yi duk reno ne, kuma reno shi ne abin da yawancin tallafin yau ba ya biya.

Saboda haka roƙona ga masu buɗe gasa, na gida da na waje: in za ku ba marubuci kyauta, ku haɗa da edita da kuɗin bugu da hanyar kai littafin makarantu. In za ku ba matashi kuɗin dashe, ku raba shi shekara uku, ku dawo ku ƙirga abin da ya rayu. Ku yarda a cike fom da Hausa, domin yarinyar da ke renon itatuwa a Maigatari ba ta gaza ɗan birni mai iya tsara Turanci sanin ƙasa ba.

Ku kuma ƙannena, ku shiga gasa, ku nemi tallafi, halal ne. Ku karanta sharuɗɗa har layin ƙarshe kafin ku tura. Duk wanda ya ce ku biya kuɗi kafin a sakar muku tallafi, ko ya nemi lambar sirrin katinku na banki, ɗan damfara ne, ku toshe shi. Labarin da bai ci ba kada ku goge, ku gyara shi, ku kai wa wani ya karanta. In kuma kuɗin dashe ɗari biyar aka ba ku, ku dasa ɗari, ku sayi kange da jarkoki da sauran, ku rubuta gaskiyar hakan a cikin rahoto.