Bayan ambaliya, ina za a kwana?

A daminar 2024 ambaliyar ruwa ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, kuma jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki. Iyalai da yawa da gidajensu na ƙasa suka rushe sun fake cikin azuzuwan makarantu, har gwamnati ta ɗage komawar ɗalibai daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Shinkafa da tabarmi suna rage raɗaɗi, amma ba su zama gida. Abin da ya kamata ƙungiyoyin farar hula su nace wa magajin gari a kai shi ne fili bisa tudu, tare da takardar mallaka. Magidancin da bai samu wannan ba, kwarin da ruwa ya ci yake komawa ya sake gini.