Kaya Kyauta Ne, Amma Sunan Yana Da Mai Shi

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, yau za mu ɗan jingine farashi mu taɓo maganar tambari. Akwai manhajojin kwamfuta da ake bayarwa kyauta, irin su Linux da Firefox da LibreOffice. Masu su sun baje yadda aka haɗa su a fili, kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. Galibi gidauniya ce ke kula da su, wadda ba don riba aka kafa ta ba. To sai ka ji wasu na cewa, tun da kayan sadaka ne, mene ne na rowar suna? Mu dai a ganinmu rowar nan tana kan hanya.

Ku dubi abin da ya sami Linux. Linus Torvalds, ɗalibi a Finland, shi ya fara ta a 1991, bai kuwa yi wa sunan rajista ba. A 1994 wani mutum a Amurka, wanda ko harafi bai taɓa sawa a aikin ba, ya je ya nemi rajistar sunan, aka ba shi. A 1996 sai ga wasiƙunsa wajen masu sayar da kayan Linux, wai su riƙa biyansa kashi 10 cikin 100. Ka ji ƙarfin hali! Sai da aka ɗauki lauyoyi, kana a 1997 aka sasanta, sunan ya koma hannun Torvalds. Yanzu mai son sa kalmar Linux cikin sunan hajarsa yana neman izini ta hannun Linux Foundation, ba a karɓar ko kwabo, amma da takarda.

Na OpenOffice ya fi ciwo. Sunan na kamfanin Sun ne, a 2010 Oracle ya saye Sun. Masu aikin sa kai suka ware suka kafa The Document Foundation, suka roƙi a ba su sunan, ba a ba su ba. Ga kaya a hannunsu, ga gwanaye, amma dole suka raɗa sabon suna, LibreOffice, suka shiga tallarsa daga fari. Duk wanda ya taɓa barin rumfar da aka san shi da ita ya san wannan wahala.

Dalilin tsaron kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai saye ba ya iya kwance manhaja ya duba cikinta kamar yadda ake warware turmin atamfa. Suna kawai ya sani. In ɗan damfara ya cusa tarkacen talla ko abin satar bayanai a ciki, lasisin kyauta ba lallai ya hana shi rabawa ba. Tambari ne kan ba gidauniya bakin cewa cire mana sunanmu daga jabunka.

Sai dai fa riƙon yana iya yin tsauri. A 2006 Mozilla ta sami saɓani da mutanen Debian, masu raba Firefox da 'yan gyare-gyarensu, a kan tambarin da kuma wanda zai amince da gyaran. Debian suka sauya wa tasu suna, Iceweasel, ba a koma Firefox ba sai 2016. Shekara 10 ke nan ana ruɗa masu amfani, alhali waɗannan ba ɓarayi ba ne, dillalan gida ne. Da an zauna tun farko, da ba a kai nan ba.

Saboda haka masu shagunan kwamfuta da ke ɗura wa jama'a manhaja, in kun ɗauko ta daga tushe ba ku taɓa kome ba, ku kira ta da sunanta. In kun sa hannu kun canja, ko za ku buga tambarin a allon shago ko a kwali, ku fara duba ƙa'idar gidauniyar, don ta kowacce daban ce, suna kuma buga ta a shafinsu na intanet.