Sankarar Dattawa: Ina Amfanin Karatunmu?

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai abin da yawancinmu muka sha gani in mun je hutu gida, amma ba mu taɓa buɗa baki mun yi zancensa ba. Dare ya raba, sai mu ji motsin buta a tsakar gida, Baba ne ya fito zagayawa. Kafin asalatu ya fito sau huɗu ko biyar, kowace fita kuwa sai ya jima. Mukan gyara kwanciya mu ce tsufa ne. Sau da yawa tsufan ne, amma wannan hukunci likita ne kaɗai ke da ikon yanke shi.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu mai girman goro, wanda likitoci ke kira furostet. Ta cikinsa hanyar fitsari ta ratsa, shi ne kuma ke samar da wani kashi na ruwan maniyyi. In shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanyar, wannan kumburi kuwa galibi ba sankara ba ne. To, amma a wannan wuri ne sankarar da ta fi kowace kama maza a Nijeriya take tsira, ta kuma fi samun baƙar fata. A Ingila an ƙiyasta namiji 1 cikin 8 zai kamu da ita a rayuwarsa, a cikin baƙar fata kuwa 1 cikin 4. Muguntarta ita ce a farkonta ba ta nuna alama. Sai ta kai ga ƙashin baya da na ƙugu sannan dattijo ya soma kukan ciwo, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, alhali ta riga ta yi nisa. Saboda haka har uban da ke barcinsa lafiya yana bukatar gwaji.

Gwajin farko jini ne ɗan kaɗan, a auna wani sinadari mai suna PSA. Likita kan ƙara da taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura, abin da ba ya cin minti guda. Hauhawar PSA ba ita ce tabbacin sankara ba, domin kumburin tsufa ko ciwon sanyi na iya ɗaga shi. In an yi zargi sai a ɗauki hoton MRI inda akwai na'urar, a tsakuro tsoka da allura a duba, a auna zafin cutar da ma'aunin da Dokta Donald Gleason ya fito da shi a 1966. Shawarar masana ita ce baƙar fata ya soma maganar gwaji da likita tun yana shekara 45, wanda kuwa cutar ta kama ubansa ko ɗan'uwansa kada ya jinkirta ko kaɗan.

Mun san abin da ke hana iyayenmu zuwa, watau tsoron wuƙa da tsoron rasa mazakuta. Ba za mu yi musu ƙarya ba. Tiyatar cire furostet kan bar wasu da ɗigar fitsari na watanni, ta raunana wa da yawa ƙarfin kusantar iyali, haihuwa ta hanyar da aka saba kuma ta ƙare. Sai dai tun 1982 Dokta Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya nuna yadda za a cire ƙullutun a bar jijiyoyin mazakuta, in cutar ba ta taɓa su ba. Har ila yau, ba kowace sankara ake yanka ba. Wani bincike a Ingila ya bi maza 1,643 da aka gano tasu da wuri, wasu aka yi musu tiyata, wasu gashi, wasu sa ido kawai. A 2023 aka bayyana cewa bayan shekara 15 kusan 3 cikin 100 ne cutar ta kashe, kowace hanya aka bi.

Wanda ya zo da wuri ke nan, yana da zaɓi. Wanda ya makara fa? Tun 1941 Charles Huggins ya gano cewa da sinadarin mazakuta cutar ke rayuwa, don haka in ta bazu maganinta shi ne a toshe sinadarin da allura, ko a cire 'ya'yan maraina. Ashe abin da dattijo ya guda, jinkirinsa ne ke kai shi gare shi. An gudu ba a tsira ba.

Cutar ba abin kunya ba ce. An gano ta a jikin Desmond Tutu a 1997, ya rayu har 2021. Wole Soyinka ya fito fili a 2014 ya ce ya yi fama da ita ya warke.

To, ina namu aikin? Mun san ɗa ba ya tarar ubansa da zancen ƙasan cibiya, balle ɗan fari. Amma Bahaushe bai taɓa rasa ɗan aike ba. Akwai Baffa, akwai aminin Baba, akwai limamin unguwa; a faɗa musu, su za su san bakin da za su yi masa magana. Mu kuma namu shi ne kuɗin mota da na gwaji, da raka shi, da tsayawa mu ji bayanin likita mu fassara masa ba ragi ba ƙari. Asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Sakkwato duk suna da likitocin mafitsara. Wanda ya kama albashi, kafin ya ɗinka wa Baba babbar rigar Salla, ya fara biya masa gwajin jini. Ƙungiyarmu ma ya kamata ta gayyato ɗaliban likitanci su yi wa jama'a lacca da Hausa.

Waɗannan dattawa sun sayar da hatsi da awaki don mu zauna a aji. In ilminmu bai iya kai su gaban likita a kan kari ba, me za mu ce mun karanto? Hutu ya kusa. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon sauke hakkinsu, amin.