Gidan Da Ka Gina A Bauchi, Wa Zai Biya In Ruwa Ya Ci?

Duk ɗan Bauchi da ke zaune a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko can Fatakwal da Anacha, in aka tambaye shi abin da ya sa yake jure wa zaman Kurmi, amsarsa ba ta wuce ɗaya: yana so ya kafa gida a garinsu. Mai fataucin shanu da ɗan canji da direban tirela da ke kwana a layin Apapa da maigadi, kowa yana aika ɗan abin da ya samu, bana a sayi fili, baɗi a buga bulo, baɗin baɗaɗa a ɗora kwano. Wani sai ya shekara goma sha biyar kafin a sa ƙofa. To, a kan wannan gida muke so mu yi magana da ku yau, 'yan'uwa, da kuma ruwan Agusta wanda ke iya rushe shi a dare ɗaya, alhali mai shi yana nesa, sai dai a buga masa waya da asuba.

Birnin Yakubu gari ne da duwatsu suka kewaye. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi da ƙarfi yana neman hanyar da ya saba bi. Tun daga 1976 da Bauchi ta zama hedkwatar jiha, gari ya tsallake ganuwa ya bazu cikin gonaki da kwazazzabai. Sunayen unguwanni ma shaida ne: wanda ya ji Fadaman Mada ko Rafin Zurfi ya san ba banza magabata suka kira wuraren haka ba. Abin da ya fi damun mu shi ne, mutumin da ke saye daga nesa shi aka fi sayar wa kwari. Da rani yake zuwa gida, da rani dillali ke zagayawa da shi, ƙasa ta bushe ƙamas, farashi ya yi sauƙi, ya biya ya koma Kudu. Bai taɓa ganin filin nan da damina ba sai bayan ya kashe masa dukiyarsa.

Mazauna Badun ba sa bukatar a gaya musu abin da ruwa ke yi, domin dattawansu ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta Agusta 1980 ba. A 2012 hukumar NEMA ta ƙidaya mutum 363 da ambaliya ta kashe a Nijeriya, fiye da miliyan 2 kuma suka bar muhallinsu. A 2022 mamatan sun haura 600. A Agusta 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, cikin Jihar Bauchi, sa'an nan ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle ta malale Maiduguri. Bayan kowace irin wannan masifa akan zo da agaji, buhun shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano, kuma ba mu raina ba. Amma fa ba mu taɓa jin inda bandir biyu na kwano ya tayar da gida mai ɗaki huɗu ba.

Yawancinmu ba mu san inshora ba sai takardar nan ta mota da ake nuna wa 'yan sanda a hanya, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairu 2023. Waɗanda suka yi wa gida ko kanti inshora kuwa, galibi banki ne ya tilasta musu lokacin karɓar rance, kuma inshorar gobara ce. Nan kuskuren yake. Takardar gobara ta asali tana biyan ɓarnar wuta da tsawa da fashewar tukunyar gas ta cikin gida, shi ke nan. Ambaliya da guguwa da fashewar famfo ƙari ne da ake nema a rubuta a ciki, a biya musu ɗan kuɗi a kai. In ba a rubuta ba, ko ruwa ya kai wuyan taga, kamfani zai ɗauko takarda ya nuna maka sa hannunka, kuma ba kotun da za ta ce ya cuce ka.

Har ila yau, a idon masu inshora ruwa ba iri ɗaya ba ne. Ruwan da ya shigo ta rufi bayan iska ta yaye kwano, ɓarnar guguwa ce. Ruwan da ya ƙetare rafi ko lambatu ya shigo ta ƙofa, shi ne ambaliya. Laimar da ke hawa bango a hankali shekara da shekaru har gini ya ruɓe, wannan ba a biyan ta, sai a ce rashin kula ne. A ƙasar Kanada, inda kamfanoni ba su fara sayar wa gidaje wannan ƙari sosai ba sai bayan ambaliyar Albata ta 2013, har sukan raba ruwan daɗi na kogi da na sama daban da ruwan teku. Mai gida a bakin ruwan Ikko yana da dalilin tambaya a kan teku. Mai gida a Bauchi kuwa abin da ya shafe shi ruwan sama ne da rafi da magudanar da shara ta toshe. Saboda haka kada a yarda da "ai duk yana ciki" daga bakin wakili. A sa wanda ya iya Turanci ya karanta, ya ɗora yatsa a kan layin da ya ambaci ambaliya, a kuma tambaya ko katanga da kayan ɗaki suna ciki, domin katanga ce ke fara faɗuwa kuma ita aka fi cirewa.

Akwai wani tarko kuma da tsadar kaya ta haƙa. In gidan da sake gina shi zai ci naira miliyan 20 ka rubuta shi a miliyan 10 don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ruwa ya yi ɓarnar miliyan 4, to miliyan 2 za a ba ka, watau rabin da ka rubuta. Wanda ya ƙiyasta gidansa kafin buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 bai kuma sake waiwayar takardar ba, ya sani rabin gida ya rufe. Haka nan doka ta ce in ba a biya kuɗi ba babu inshora, alkawari ba ya aiki. Takardu da yawa kuma suna da sharaɗi a kan gidan da aka kulle ba kowa ciki tsawon makonni, wannan kuwa ku ya fi shafa, masu zuwa gida Salla zuwa Salla.

Mun san abin da wani zai ce: malamai sun yi magana a kan inshora, cewa akwai riba da caca da rashin tabbas a cikinta. Ba mu ɗauki wannan magana da wasa ba. Sai dai tun 2013 hukumar NAICOM mai kula da harkar ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma a 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. A wannan tsari kuɗin da kowa ya zuba gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, daga ciki ake biyan wanda masifa ta faɗa wa, in an sami rara a raba wa masu zubi, kuma akwai malamai masu sa ido. Bahaushen da ya san gayya da adashi ba baƙon wannan tunani ba ne.

Masu ba da haya kuwa, musamman waɗanda suka gina wa ɗalibai ɗakuna a Yelwa da Gwallameji, su sani Dokar Inshora ta 2003 ta lissafa gidan haya cikin gine-ginen jama'a da tilas a yi wa inshora kan rushewa da gobara da guguwa da ambaliya, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Agusta 2025 ba ta ɗauke wannan nauyi ba. Amma a lura, wannan ta tilas ta fi karkata ga biyan ɗan haya ko maƙwabcin da ya cutu. Ginin kanka sai ka nemi nasa ƙarin.

Su ma kamfanonin laifinsu ba ƙarami ba ne. Takardunsu da Turancin lauyoyi suke, cikin ƙananan haruffa, ga mutanen da Hausa suke ciniki da ita. Gidan ƙasa, wanda shi ruwa ya fi ci, da ƙyar suke kallon sa. Jan ƙafa wajen biya shi ya sa jama'a suka ɗauke su 'yan karɓa kawai. Ya kamata NAICOM ta tilasta a fassara sharuɗɗan da Hausa, a rubuta abin da ba a biya da manyan haruffa a shafin farko. Ƙungiyoyin 'yan asalin Bauchi da fadojin Sarakunan Hausawa na Kudu kuma suna iya tara masu gidaje ɗari su je ciniki da murya ɗaya, domin kamfanin da zai yi wa mutum ɗaya wulaƙanci ba zai yi wa ɗari ba. Hukumar NIHSA takan fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, kamfanoni kuma suna karanta shi. Wanda zai tafi gida da rani ya tafi da takardarsa, ya ɗauki hoton gidan ciki da waje, ya bar wa ɗan'uwan da ke kula da shi lambar takardar da ta kamfanin, domin ranar da ruwa ya shiga ranar ake so a sanar da su.